Kwalbar da Baba Ya Tono a Iyakar Gona

Shekarun baya, ina aji uku a ƙaramar sakandare, na taɓa shan rubutu kwana biyar a jere don a kare ni daga sharrin wata takarda da ni na rubuta ta da hannuna. Duk wanda na ba wa labarin nan da dariya yake farawa. Ni ma da ita nake farawa, sai na kai tsakiya na ji muryata ta canja. Bari ku ma na ba ku.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Ƙofa da Bebeji, kuma noman rani ne ya riƙe mu. Mahaifina yana da gonar tumatir, wadda ke manne da ita kuwa ta baban abokina ce, wanda nake kira Baffa. Dutse ɗaya ne ya raba gonakin biyu. Baba da Baffa tun kafin a haife mu suke tare. Injin ban-ruwa ɗaya suke da shi, yau wannan ya kunna, gobe wancan. Iyayen Baffa daga ƙasar Zazzau suka zo, saboda haka ban taɓa jin Baba ya kira shi da sunansa ba. Da safe sai ka ji ya leƙa zaurensu yana cewa, "Bazazzagi, ka tashi ko sai an kawo makaɗa?" Shi kuma daga ciki ya amsa, "Bakano, tuni na tashi, jira nake ka gama cinikin da kake yi a mafarki." Kwanon tuwo kuwa kullum yana hanya tsakanin gidajen biyu, har ba a san wanne ne na wa ba.

Ni dai ban taɓa iya zama a aji ba. Minti goma in na yi a kan benci sai na ji kamar tururuwa na cizona. Darasi ɗaya ne tak na saurara daga farko har ƙarshe a rayuwata, shi ma ba ya cikin jarrabawa. Malamin lissafinmu ne wata rana ya gaji da surutunmu, ya ajiye alli ya ce bari ya ba mu labari. Ya ce akwai wani sarkin yaƙin Rumawa, tun kafin haihuwar Annabi Isa, in zai aika wa kwamandojinsa takarda ba ya rubuta haruffan yadda suke. Kowane harafi sai ya tsallaka da shi gaba uku. A ta koma D, B ta koma E, haka har ƙarshe. In abokan gaba suka kama ɗan aike, sai su ga shirme, shi kuwa wanda aka aika wa ya san ya koma baya uku. Malam ya rubuta "baba" a allo, ya juya ta a gabanmu ta koma "eded". Sati guda ni da abokina muna ce wa iyayenmu Eded a bayan idonsu.

Muka fara rubuta wa juna takardu a aji da wannan dabarar. Ba mu yi sati biyu ba wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta tsinci ɗaya. Ai ita ma tana aji ranar da aka ba da labarin. Kafin a dawo daga hutun tara ta warware ta tas, ta tsaya a gaban allo ta karanta wa kowa cewa wandon malamin Turanci ya yi masa gajere. Ba sai na faɗa muku yadda muka kwashe da malamin Turanci ba.

Sai muka ce to, na Barume ya yi araha, namu za mu ƙirƙira. Wata Asabar muka zauna a gindin mangwaro muka ba kowane harafi alamarsa. A ta zama da'ira da ɗigo a tsakiya. B ta zama tsani. K tauraro, M kamar sawun kaza, L ƙugiya, wasu murabba'i da layi a ciki, wasu kamar tsinken tsire. Muka yi ta musu a kan Ƙ da Ɗ, daga ƙarshe abokina ya ce a sa musu wutsiya kawai. Muka haddace, muka ƙone takardar da muka jera su, muka rantse da Allah babu wanda zai faɗa wa kowa. Na tuna ina buga ƙirji ina cewa wannan ko shi sarkin yaƙin ya dawo duniya sai dai ya kalla.

A daidai lokacin ne na gano wani gareji na babura a Kwanar Ɗangora. Ranar farko kallo kawai na tsaya yi, rana ta biyu aka ce na miƙo sifana, daga nan makaranta ta fita daga raina. Sai na fita daga gida da yunifom, na cusa shi a leda a bayan gari, na maƙale a motar tumatir. Da la'asar na dawo na mayar da shi jikina na shiga gida ina wani jan ƙafa kamar wanda karatu ya gajiyar. Abokina ne mai rufa min asiri a aji. In an kira sunana ya ce ba ni da lafiya, ko an aike ni, ko kakata ta rasu. Kakata ta rasu sau uku a zangon nan, Allah ya ji ƙanta, ita da ta rasu tun ban san kaina ba.

To, gida huɗu ne tsakanin gidanmu da nasu. Da baki za mu iya gama komai. Amma ina daɗin? Mu fa sojojin Rum ne. Kullum da sassafe Baba yana tura ni na dubo ruwa a gona kafin makaranta, shi kuma abokina yana kai wa Baffa koko bayan na wuce. Sai muka mayar da ƙarƙashin dutsen iyaka gidan waya. Takardar farko laima ta cinye ta, sai na samo kwalbar maganin tari da ta ƙare na riƙa sakawa a ciki. Murfin ba ya kamawa, sai na naɗe shi da baƙin zaren ɗinkin Inna. Birona ya ƙare, sai na ɗauke jan biro a teburin malamai. Ku haɗa da kanku: kwalba, baƙin zare, jan rubutu mai taurari da ƙugiyoyi, an binne a iyakar gonar mutum. Yaron goye a ƙasar Hausa ya san me wannan yake nufi. Mu kuwa wallahi ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba.

A shekarar ne tsutsa ta shiga tumatir. Namu aka riga dasawa, shi ta fara kamawa. Ganyen ya riƙa bushewa kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna kore. Baba ya yi feshi har ya gaji. Na Baffa kuwa yana nan shar.

Ran wata Laraba na ajiye saƙona na tafi gareji, ban san zazzaɓi ya kwantar da abokina bai je gona ba. Da hantsi Baba ya ɗaga dutsen zai gyara hanyar ruwa.

Na dawo da la'asar na tarar da gidanmu ya turnuƙe da hayaƙin turare. Ina sa ƙafa Inna ta daka min tsawa, "Kai, kewaye! Kada ka bi ta nan!" A tsakar gida, a kan wani fasasshen kasko, ga kwalbata. An warware zaren, an buɗe takardar da tsinke an danne ta da dutse. Baba na zaune a kan turmi, idonsa ja.

Ya ce, "Zo ka ga abin da aka binne mana. Shi ya sa gonar take ƙonewa."

A nan ne ya kamata na buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma na san abin da ke cikin takardar, kuma na san in na ce tawa ce, abu na gaba shi ne a ce karanta. Na dubi takardar, na dubi dorinar da ke rataye a ƙofar ɗakin Baba. Kun san me na ce? Cewa na yi, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Har da girgiza kai.

Gida biyu ne kawai ke zuwa wajen dutsen nan, mu da su Baffa. Kafin magariba wani ya zo ya ce shi kam ya sha ganin Baffa tsugune a gindin dutsen da asuba. Kuma gaskiya ya faɗa, a nan ake buɗe ruwa, ina zai tsuguna in ba nan ba? Amma mutumin da gonarsa ke mutuwa a gaban idonsa ba ya tsayawa wannan tunanin.

Washegari bayan la'asar Baba ya ɗauki kwalbar a cikin tsumma ya nufi majalisar da suke zama a ƙofar masallaci. Na bi shi daga nesa. Baffa na ganin sa ya fara murmushi.

"Bakano, yau kuma turare ka koma sayarwa?"

Baba ya kira shi da sunansa na yanka. Ranar na fara jin sunan a bakinsa.

"Ba wasa ya kawo ni ba. Me na yi maka?"

"Kamar yaya me ka yi min?"

Baba ya buɗe tsumman ya ajiye a tsakiyar tabarma. Mutane suka ja da baya. Ya ce, "A ƙarƙashin dutsenmu na tono. Tawa ta ƙone, taka ko ganye ɗaya bai taɓu ba. In gonar kake so, ai da ka tambaye ni."

Baffa ya dubi kwalbar, ya dubi Baba, ya daɗe. Ya ce, "Ni? Ni kake nufi?" Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nemi takalminsa ya kasa samun ƙafa ɗaya, sai wani ya turo masa. Ya ce, "Allah yana gani," ya tafi. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda yake laluben takalmin nan.

Daga ranar kwanon tuwo ya daina zirga-zirga. Injin ban-ruwa ya zauna a bakin ruwa babu mai taɓa shi, kowa na ganin in ya kunna kamar ya roƙi ɗayan ne. Mata suka daina aika yara sayen ƙuli-ƙuli wajen mahaifiyar abokina. Baffa ya daina zuwa masallacinmu, sai ya tafi na bakin titi. Limaminmu, wanda kowa ke jiran ya duba abin, ya tafi Doguwa ta'aziyya, saboda haka wani ƙanen Inna ya riƙa yi mana rubutu muna sha safe da yamma. Ni kofi biyu ake ba ni. Inna ta ce ai ni nake zuwa gonar da sassafe, wa ya san sau nawa na tsallaka abin. Ta riƙa shafa min sauran a fuska tana addu'a, "Allah ya mayar wa mai shi aniyarsa." Ina cewa amin.

Ran Lahadi abokina ya warke, ya tare ni a bakin famfo. Ya rame, leɓensa duk ya bushe.

Ya ce, "Ka san jiya a kasuwa ubana ya miƙa wa mutum hannu, mutumin ya yi kamar bai gani ba?"

Na ce, "Ka bari, zai lafa."

"Me zai lafa? Matsafi fa ake ce masa. Ƙanwata ta dawo daga islamiyya tana kuka."

"To ya kake so na yi? Ka san Baba. Wallahi kashe ni zai yi."

"Sai gara nawa uban ya mutu ko?" Ya matso har ina jin numfashinsa. "Na rantse da Allah ba zan faɗa ba, shi ya sa nake roƙon ka. Ba don rantsuwar nan ba, da ko kallon ka ba zan tsaya yi ba."

Ya ɗauki jarkarsa ya tafi, ko cika ba ta yi ba. Ni kuwa, don ku san irin jarumin da nake, washegari gareji na koma. Can ne kawai ƙarar inji ke hana ni jin abin da zuciyata ke faɗa.

Ran Litinin Malam, wato limamin namu, ya dawo, Baba ya kai masa kwalbar don a karya abin. Malam tsoho ne sosai, shi ya koya mana allo mu duka. Ya taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci yana saurayi, don haka yana karanta boko, shi ake kai wa takardar asibiti ya duba. Abin da kawai ya ce da Baba shi ne a bar masa ita, kuma kada ya ƙara yi wa kowa maganar.

Ran Alhamis da safe na fito da yunifom da ledata a aljihu, zan wuce ta ƙofar gidansa, sai na ji, "Ɗan boko!"

Na cire takalmi na durƙusa. "Allah gafarta Malam, ina kwana?"

"Lafiya lau. Shigo ka taya ni wani ɗan aiki, idona ya gaji."

Ina shiga zauren na ga takardata shimfiɗe a kan buzu. Kusa da ita ga allo, ya zana alamominmu a jere da tawada, kowace ya ja mata 'yan layuka a gabanta kamar mai ƙirgen buhuna.

Ya gyara tabarau ya ce, "Babanka ya ce asiri ne. To ni dai na san masu yin irin abin nan da yake tsoro daga dama suke fara rubutu, yadda muke yi. Wannan kuwa duba. Gefen hagu a miƙe yake sak, gefen dama wani layin ya kai, wani bai kai ba. Daga hagu aka faro ke nan. Kuma ban taɓa ganin boka yana yagar littafin makaranta mai layi-layi ba. Ko kai ka taɓa gani?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Sai na ce to, wannan magana ce aka sa wa riga. Ai ba yau aka fara ba. Malamanmu na da in suna son ɓoye kalma ko shekara, lamba suke mayar da ita, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Sarakuna ma suna yi a wasiƙunsu. Kuma tun zamanin da Bagadaza take Bagadaza wani malami ya rubuta yadda ake tuɓe wa irin wannan rigar. Ya ce kada ka wahalar da kanka da hasashe, ƙirga. Kowane yare yana da harafin da ya fi so. Balarabe ba ya rabuwa da alif da lam. Bahaushe fa?"

Bai jira amsata ba.

"Bahaushe ba ya kalma biyu bai wangale baki ya ce a ba. To na ƙirga. Wannan mai ɗigo a ciki ya fi kowa yawa, nesa ba kusa ba. Na ce kai ne a, ko ka ƙi ko ka so." Ya ɗora yatsa a kan wata kalma. "Sai na zo nan. Alama biyar. Sawun kaza a farko, sawun kaza a ƙarshe, a a ta biyu, a a ta huɗu. Na yi ta juyawa, sai na yi dariya. Ashe ni ne. Malam. To ka ga na samu ma, na samu la. Na gangaro ƙarshe na ga wata doguwa ta fara da ma, duk cikinta a. Wanda ya ambaci malam, me zai ambata in ba makaranta ba? Daga nan kuma sai suka riƙa zuwa da kansu kamar kaji an watsa tsaba."

Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa ya fara karantawa a hankali, da irin muryar da yake biya mana allo. "Ka ce wa malam ba ni da lafiya. Na tafi..." Ya tsaya. "Nan ne ta gagare ni, ba Hausar da na tashi da ita ba ce. Ga... re... Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya juya shi, ya dubi baƙin man da ya maƙale a ƙarƙashin farcena, wanda ko da omo ba ya fita.

Ya ce, "Gareji. Na tafi gareji a Kwana. Kada baba ya sani. Ka ajiye min aikin makaranta."

Kukan da na riƙe kwana takwas ya ɓalle. Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi min faɗa ba, ya bar ni na yi mai isata. Da na ɗan tsagaita, wauta ta sa na tambaye shi kwana nawa ya yi kafin ya gane. Ya ce, "Ranar da aka kawo ta, tsakanin azahar da la'asar." Na ce to me ya sa sai yau? Ya ce, "Jira nake ko mai ita zai zo da ƙafarsa."

Na roƙe shi ya faɗa wa Baba da kansa, ko ya ce ya duba ba komai ba ne. Ya girgiza kai. "In ni na faɗa, cewa za a yi Malam na son sulhu ne ya rufe maganar. Zargin zai kwanta, ba zai mutu ba, jikokin mutumin nan sai sun ji shi a bakin wani. Bulalar da kake gudu kwana biyu za ta yi a jikinka. Ka dawo nan bayan la'asar, zan aika a kira babanka."

Bayan la'asar na durƙusa a gaban Baba a zauren Malam na ce takardar tawa ce, na karanta masa. Ya ƙi yarda. Ya ce an dai tsara min abin da zan faɗa don a wanke wancan. Malam ya ce, "To Alhaji, abu mai sauƙi. Raɗa masa wata magana a kunne, wadda kai kaɗai ka sani, ya rubuta da alamomin nan. Sai a kira ɗayan." Baba ya jawo kunnena da ƙarfi ya raɗa min. Na rubuta. Aka kira abokina. Ya shigo bai ko kalle ni ba, ya gaishe su, ya karɓi takardar, ya karanta a numfashi ɗaya: "Kaza bakwai, zakara ɗaya, baƙar ta daina ƙwai."

Baba ya zauna daɓas, kamar an zare masa ƙashin baya. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Bai zo ba. Can ya ce, a hankali, "Kana tsaye na je na ci mutuncin mutumin nan. Kana tsaye kana kallona." Iyakar abin da ya ce ke nan. Dorinar nan ko sauke ta bai yi ba. Ya yi kusan wata bai yi min magana ba, kuma da za a ba ni zaɓi, da dukan na ɗauka.

Washegari Juma'a, Malam ya aika aka roƙi Baffa ya zo sallar la'asar a masallacinmu. Ya zo, ya tsaya a sahun ƙarshe. Ana sallamewa Baba ya miƙe. Mahaifina mutum ne da ko ciwo yake ba ya yarda a gani, amma ranar ya tsaya a gaban duk garin ya ce, "Jama'a, a gabanku na yi, a gabanku zan warware. Abin da na tono ba asiri ba ne, wasan yara ne, kuma ɗana ne ya binne. Na zalunci mutumin nan. Duk wanda ya ɗauki maganar daga bakina ya kai wani wuri, don Allah ya koma ya kai wannan." Ya ratsa sahu har inda Baffa yake, ya durƙusa.

Na ɗauka Baffa tashi zai yi ya fita. Sai ya ce, "Tashi. Tashi mana, ka san gwiwar nan taka ba lafiya gare ta ba." Ya kama shi ya ɗaga. "Na yafe. Amma ta yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Da wani ne ya faɗa, da ko a jikina." Baba ya ce, "Na sani." Suka tsaya riƙe da hannun juna har Malam ya ɗaga hannu aka yi addu'a.

A waje Baffa ya hango ni ina raɓewa a bayan mutane. Ya ce, "Kai, injiniya, zo nan. Tunda gareji kake zuwa, injin can ya kwana tara a zaune, na ja ɗazu ya ƙi tashi. Wuce ka duba mana." Fulogi ne ya yi datti. Na goge shi ya tashi a ja na biyu. Amfanin gona dai bai dawo ba, don a kwanakin nan tsutsar ta tsallaka ta cinye na Baffa ma, har da na sauran mutanen gari. Kuma Baffan ne daga baya ya zaunar da Baba ya ce yaron nan zuciyarsa ba ta aji, gara a kai shi garejin da rana tsaka, da sanin kowa. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni. Ƙarshen bokona ke nan.

Tun daga nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi Kwanar Ɗangora, na yi Tudun Wada, na yi Doguwa, na sake dawowa. Abokina ya yi karatunsa, yanzu shi ke koyar da lissafi. Ya yi wata biyu yana fushi da ni, sannan muka shirya. Wani lokaci in babu aiki nakan zauna na yi ta karanta tarihin irin rubutun nan a waya, na ga ashe duk abin da tsohon nan ya faɗa min a zaure haka yake. Sai dai abin da ya zauna min ba a can na karanta shi ba. Lokacin da muke zana taurarinmu, mutum biyu kawai muka sa a lissafi, mai rubutawa da mai karantawa. Ba mu yi tunanin na uku ba, wanda zai tsinta bai iya karantawa ba. Shi ba ajiyewa zai yi ya wuce ba. Da abin da yake tsoro zai karanta ta, kuma a kan wanda ya fi kusa da shi zai sauke.

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Ranar, da aka kai shi makwanci aka ce 'yan'uwa su shiga su karɓe shi, kafin ni da yayyena mu motsa Baffa ya riga ya tuɓe takalmi. Aka ce ya bari, ya tsufa. Ko sauraro bai yi ba. Shi ya karɓe shi, shi ya gyara masa kwanciya, ya daɗe a sunkuye yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da zai fito ni na miƙa masa hannu. Ya hau da ƙyar, rigarsa duk ƙasa, bai saki hannuna ba. Ya dube ni, idonsa cike da hawaye, bakinsa kuma kamar zai yi murmushi.

Ya ce, "Kwana tara ka cinye mana, ɗan nan. Da yau ina da su."